Ku Tambaya Mu Amsa: Gulbin Maradi da baƙin ruwan farkon damina

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai lambu ne a fadama, ƙasan unguwar Bagalam, nan Maradi. Duk shekara ruwan farko in ya sauko baƙi ƙirin yake zuwa, ga wari ga leda, bana har da mushen akuya ya kawo min cikin fangalin salati. Wai daga Najeriya ake turo mana wannan ƙazanta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da haƙuri. Gaskiya ne gulbin daga Najeriya yake tasowa, wajen Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta ƙasar Madarumfa, ya wuce ta yammacin Maradi, Tibiri, Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Wato mu ma akwai waɗanda muke turawa namu, kar ka manta.

Amma akuyar nan taka ba ta yi tafiyar Jibiya ba, ƴar gari ce. Ka san tun ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari aka hau da Maradi kan tudu, to duk abin da ke kan tudu gangara yake nema, kuma gangaren ku ne masu fadama. Wata bakwai ko takwas ba ruwa, gulbi yashi ne kawai yara na ƙwallo ciki, mu kuma muna ta cika magudanai da shara, ruwan kwata, baƙin man gareji, ledar fiya wata da kowa ke sha ya yar nan inda yake tsaye, har da masu kwashe masai su juye da dare don ba mai gani, ruwan farko yana sauka sai ya wanke duka rana ɗaya ya sauke maka a lambu. An yi dokar hana leda tun 2014 fa, amma je kasuwa ka sayi tumatir na dala ka ga cikin me za a ƙulla maka.

Abin da ya fi damuna ma rijiyoyinku ne. Ruwan fadama kusa yake, ƙasar kuma yashi, abin da ya kwanta sama ba ya daɗewa ya tsiyaya ƙasa. Don Allah kar a sha na rijiyar lambu sai an tafasa, a ɗaga bakinta a rufe, salati da kabeji kuma a wanke da ruwan famfo kafin a kai kasuwa. Mushen a binne nesa da rijiya. Maganar yashe magudanai kuwa, ku haɗu ku masu lambu ku je wajen mai unguwa tun watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa.