Zaman Musulmi da Kirista: yana tsinana wani abu?

Malam, ka tambaya ko zaman tattaunawa tsakanin Musulmi da Kirista yana hana rikici, ko kuwa cin shinkafa ne kawai a otal. Wani zaman kam haka yake, a raba kuɗin mota kowa ya kama gabansa.

Amma dubi Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a da abokan gaba ne, kowa da matasansa. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa. Daga 1995 suka fara aikin sasanci tare. A Agustan 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. Ba ta hana tarzomar gasar sarauniyar kyau a Nuwamba ba, wannan kam ba a musu. Sai dai a Yelwan Shendam ta jihar Filato, bayan kashe-kashen 2004, Ashafa da Wuye suka zaunar da ɓangarorin har aka yi sulhu a 2005.

In a unguwarku za ku shirya, ku gayyato mai unguwa, 'yan acaɓa da matan kasuwa, a fara da rigimar fili ko ta famfo.