Amsa: Yoyon man giya a aksul ɗin baya

Malam, tunda ka ce an canza oyil sil, wato robar da ke hana mai fita, amma Hilux ɗin tana ta ɗiga, bakanike ya duba ɗan hancin shan iska da ke saman aksul. Laka da ƙurar hanyar Ɗansadau kan toshe shi. Mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta turo shi ta sil. A kwance hancin a wanke da kananzir.

Sannan a wanke aksul ɗin tas, a barbaɗa hoda, ka zaga gari. Inda hodar ta jiƙe, nan ne yoyon yake. Tsatsa takan huda ƙarfen kamar allura, wannan kam walda ta fi gam riƙewa. In za a zuba mai, kada ya wuce bakin ramin zubawa.