Iska ta yaye min rufi sau biyu: kwano zan sauya ko kafinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa. Shekara uku ke nan da tarewata a gidan da na gina, ɗaki uku da falo, amma sau biyu iskar farkon damina tana yaye min rufi, bara da bana. Abin da ya ɗaure min kai, gidan maƙwabcina da ya girmi nawa nesa ba kusa ba ko kwano ɗaya bai ɗaga ba. Wasu sun ce in sayi kwano mai kauri, wasu sun ce in ɗauko kamfani daga Kaduna in rabu da kafintocin gari. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Da muna zaune tare, abin da zan fara tambayarka shi ne me iskar ta ɗauka, me ta bari. Idan kwanon kaɗai ya tashi, katako yana nan a jere da ƙusoshi tsaye a jikinsa, to kwanon ne ya yi laushi har kan ƙusa ya ɓula shi. Idan ya tashi da ƙananan katakon da aka buga shi a kai, haɗin katako da katako ne ya gaza. Idan kuwa rufin ya tashi ɗungurungum kamar an cire wa mutum hula, ya je ya kife a layin baya, ba a ɗaure shi da ginin ba tun farko. Wannan na ukun shi na fi gani, kuma kaurin kwano ba ya maganinsa ko kaɗan.

Mutane suna ɗauka iska tura rufi take yi. Tsotso shi take yi sama. In ta bugi bango ta haura, sai ta bi ta saman rufin da gudu, nauyin iskar da ke danne kwanon ya ragu, ta cikin ɗaki kuma ta riƙa tunkuɗo shi daga ƙasa. In ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da hadarin ya taso, ɗakin ya cika da iska kamar an hura balan-balan, ƙarfin ya ƙaru. Kuma ba a hankali ƙarfin yake hawa ba: gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana iya jan kusan kilo 50 a kowane murabba'in mita, a kusurwoyi da bakin rufi ma ya zarce haka sosai. Kwano da katakonsa kuwa da wuya nauyinsu ya kai kilo 20 a wannan faɗin. Ka ga ashe nauyin rufi ba zai taɓa riƙe shi ba, ɗauri ne ke riƙe shi. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kai, in iskar ta kai iska, tare suke sauka, wani lokaci a kan mutane.

A ƙasarmu irin wannan iska ta fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ƙasa ta gasu, hadari ya taso daga gabas da jar ƙura a gabansa. Mutanen Bauchi ba za su manta da ta watan Yunin 2018 ba, wadda ta yaye gidaje da makarantu masu ɗimbin yawa, har da asarar rayuka. Don haka gefen gabas na gidanka ne ya fi buƙatar ido.

Yanzu batun kafinta. Ban ga dalilin ɗauko kamfani don ɗaki uku da falo ba. Kamfanin ma kafinta zai turo, sai dai ka biya kuɗin mota da na ofis, kuma ran da yoyo ya fara sai ka yi ta kiran waya. Na gari yana da mutuncin da yake karewa, kuna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure. Sai dai ba kowane mai guduma ne mai rufi ba. Wanda ya ƙware a gado da kujera daban. Hanya mafi sauƙi tana bakin ƙofarka: ka tambayi maƙwabcin nan naka wa ya yi masa rufi, in yana raye ka nemo shi, in ya tsufa ka nemi yaransa. Duk wanda ka samu, ya kai ka gida biyu ko uku da ya rufa waɗanda suka ci damina uku zuwa sama, ka gana da masu gidan ba a gabansa ba.

Sannan ka yi masa tambaya ɗaya, ka yi shiru ka saurara: da me za ka ɗaure rufin nan da bango? In ya ce ƙusar kankare zai buga a bulo, ka sallame shi cikin mutunci. Amsar da ake so ita ce rodi ko langa-langa da aka binne a cikin kankaren linta ta sama, a lanƙwaso shi ya rungumi katakon da ke kwance a kan bango da kuma ƙafar kowane tsani na rufin, wato haɗaɗɗen katakon da ke ɗauke da rufin, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba. Da yake gininka ya riga ya tsaya, mai yiwuwa ba a bar wannan ƙarfen ba. Ana iya gyarawa: a huda bango ƙasa da linta, ko aƙalla layi uku na bulo daga sama, a zura ƙarfen a zagayo da shi, a toshe da siminti. In babu lintar da ta zagaye ginin gaba ɗaya, gara ka rage wani abu ka zuba ta yanzu da rufin yake buɗe. Ɗaure rufi da layin bulo na ƙarshe kawai, iska da bulon za ta tafi.

Katako kuma ka je 'yan katako da ƙafarka, da awo a aljihu. Abin da ake kira 2x2 yau sau da yawa bai kai inci biyu ba, kuma ni na fi son 2x3 a inda za a buga kwano. Ka guji ɗanye. Ɗanyen katako yana shan hunturu ya bushe ya tsuke, ƙusa ta saki, kafin damina kana iya zare ta da hannu. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya same ka a karo na biyu, domin gyaran gaggawa da duk abin da aka samu ake yin sa. A shafe shi da maganin gara irin su Solignum kafin a hau da shi, har da bakin da zarto ya yanka. Baƙin mai da ake shafawa ya fi babu, amma ba ya kai maganin.

Wurin buga kwano, ƙusa mai hula ake so, wadda jikinta yake a murɗe, a buga ta a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu, amma a baki da tsororuwa da kusurwoyi kowane tudu ya samu tasa, domin daga nan iska ke samun kafar shiga. Kwano ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 15 aƙalla ta tsawo, tudu ɗaya da rabi ta gefe. Masu son ragowar kwano a nan suke cuta. Kada bakin rufi ya leƙo waje fiye da rabin mita, kuma a rufe ƙarƙashinsa.

Kauri yana da nasa amfani, ban ce babu ba. Kwanon da za ka iya naɗewa da hannu kamar takarda, ƙanƙara tana lotsa shi, tsatsa tana cinye shi da wuri. In alminiyam za ka saya, kada kaurinsa ya sauko ƙasa da milimita 0.45, kuma a auna a gabanka, don abin da aka rubuta a rasit ba kullum yake zama abin da aka ɗora a mota ba. Kada a buga shi da ƙusar baƙin ƙarfe, suna cin juna. Ka kuma sani dogon alminiyam mai mita 10 yana miƙewa kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, wannan kai da komowa ke faɗaɗa ramin ƙusa, shi ya sa ake sa ƙusa mai roba a wuya.

In za a sake tsanin gaba ɗaya, rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jure iska, kuma wanda ya kwanta sosai ya fi saurin tashi. Katangar da ake ɗagawa ta ɓoye bakin kwano, irin ta gidajen soro, ita ma tana taimakawa, muddin an yi indararo mai faɗi kuma ana share shi.

Kuɗi kuwa kada ka ba da jinga dunƙule, kaya da aiki a haɗe. Ku je kasuwa tare, kai ka biya kayan. Kuɗin aiki a raba uku a rubuce da shaidu biyu: kafin alƙalami, sai in katako ya tsaya, sai in an gama. Ka riƙe kashi ɗaya cikin goma har ruwa ya sauka sau uku. Tsakanin biya na biyu da buga kwano ka hau tsani da kanka, ko ka samu wanda ya san gini ya hau, a ƙirga ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, a girgiza kowane katako. Da zarar an buga silin, babu mai sake ganin wurin.

Tunda damina ta riga ta kama, ka rufe ɗaki ɗaya da kyau iyali su fake, sauran ka bi su a hankali yadda albashi ya ba da hali. Ka ɗauko min hoton saman bangon ta gefen gabas kafin a taɓa shi, zan faɗa maka ko lintar da ke nan za ta ɗauki ɗauri.