Amsa: Kwana a bakin tafkin Gidimuni

Malam, kana tambaya ko ku tashi daga Damagaram ran Asabar ku kwana bakin tafkin Gidimuni da damina. A'a, ku dakata sai sanyi ya shigo, tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Hanyar dai ba matsala, kwalta ce, ku wuce Mirriya ku miƙe hanyar Gure. Bakin ruwan ne ba ya kwanuwa a Agusta: taɓo har idon sawu, sauro kuwa tun magariba yake sallama. Da hunturu ƙasa ta bushe, amma ku riƙo bargo da sange, asuba akwai jaura. Kuma kafin ku kafa tanti ku gaida mai gari, shi zai haɗa ku da masunci mai kwalekwale.