Tambaya da Amsa: Babbar riga da agbada, abu ɗaya ne?

Tambaya: Abokin kasuwancina Bayarabe ya gayyace ni bikin 'yarsa a Ibadan, ya ce maza za su sa agbada. Shin babbar rigata ta isa, ko sai na ba da sabon ɗinki? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, babbar rigarka ta isa, domin ita da agbada tushensu ɗaya. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, sarakunan daular Usmaniyya sun riƙa ba da riguna kyauta ga hakimai da malamai da manyan baƙi, fatake kuma suna kai su kudu ta Bida da Ilori, har ya zama adon aska takwas da ake yi wa aljihu a ƙasar Hausa shi ne ake gani a tsofaffin rigunan Nufawa da Yarbawa.

Inda aka rabu shi ne yadi da hula. Yarbawa sun riƙe saƙarsu ta hannu, aso oke, wadda garin Iseyin ya yi suna da ita, kuma manyan nau'o'inta 3 ne: etu mai launin baba, sanyan na zaren tsamiya, da alari ja. Kakanninmu ma sun san irinsu sarai, su ne saƙi da tsamiya da barage, sai dai mu mun sake su mun koma wa shadda, abin da a ganina asara ce, ko da yake wanda ya taɓa ɗaukar nauyin rigar saƙi a zafin bazarar Sakkwato ba zai yi saurin ganin laifinmu ba. Yarbawa kan ɗora hular gobi da ake karkatarwa gefe ko abeti aja mai kunnuwa biyu, mu kuwa zanna bukar ko ƙube.

Saboda haka ka tambayi abokinka launin ankon da aka fitar, ka zaɓi riga mai kusa da shi, ka kai ta bugu ta yi ƙyalli. Idan ya miƙo maka hular anko, karɓa ka sa, girmamawa ce. Rawani da alkyabba kuwa ka bar su a gida, in dai ba sarauta gare ka ba.