Ga ɗan'uwan da ya ƙara albashi amma yara na tafiya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa mai gidan burodi a Daura, na ga tambayarka. Ka ce ka yi wa ma'aikatanka ƙarin kuɗi bai ɗaya, amma biyu sun ajiye aiki, sauran kuma jikinsu a sanyaye. Ni ba burodi nake yi ba, shagon ɗinki nake riƙe da shi a nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, sai dai riƙon mutane duk kanwar ja ce.

Mu fara kawar da maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙarin da kake gani babba, kuɗin mota da tiyar masara sun cinye shi kafin ya isa gida. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, kuma gaskiya ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaronka ba doka yake karantawa ba, cefane yake dubawa. In biyanka bai kai ba, ko yana zuwa a makare, duk abin da zan faɗa a ƙasa ba zai yi maka aiki ba.

To amma a ce biyan ya kai. Wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da bincike a 1959 bayan an tattauna da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. Ya ce abin da ke sa mutum ya tsani aiki daban ne da abin da ke sa shi zuba ƙwazo. Albashi da yanayin wuri suna kashe ƙorafi ne kawai, ƙwazo kuwa daga yabo da amana da ci gaba yake fitowa. Malamai sun yi ta ja-in-ja a kai, ni dai abin da na gani a shago bai yi nisa da haka ba, illa kowa da nasa.

Babban mai yankanmu dattijo ne, ya girme ni. Ko ka ninka masa kuɗi godiya ɗaya zai yi ya ci gaba da aikinsa. Amma ka gyara masa yanka a gaban yara, ranar ko almakashi ba zai ƙara ɗauka da daɗin rai ba. Shi girma yake so. In babbar shadda ta shigo, sai na shimfiɗa ta a gabansa na ce, "Baba, ya kake ganin za mu yi da ita?" ko da na riga na san amsar. In akwai gyara, sai bayan la'asar da yara sun fita. Mutumin nan shi ke tsare mini shago in na tafi Kantin Kwari saro kaya, kuma ko zare ba ya ɓata.

Akwai wani daga wajen Batagarawa, hannunsa a kan keke ba a magana. Da ruwa ya sauka hankalinsa ya koma gona. Ba ƙarin kuɗi yake nema ba, so yake in ya ce zai je shuka ko noman farko kada a ɓata masa fuska. Muka yi da shi a fili: damina ya je, azumi kuma, da yanzu yake faɗowa a rani, shi ne zai riƙe aikin dare. Babbar sallah ce ke ɗan haɗa mu da shi in ta zo daidai da shuka, nan sai a zauna tun da wuri a raba kwanaki. Wani kuma ɗalibi ne a Hassan Usman Katsina Polytechnic, nasa lokacin jarrabawa ne. Yarinyar da ke mana maɓalli da jera duwatsu tana goyo, ita a bar ta ta tashi da wuri. Wannan ma ba alfarma ce zalla ba, dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana.

Wanda masu sana'a suka fi yin asararsa shi ne yaro mai son koyo. Ka bar shi shekara da shekaru yana guga da sharar ƙyalle, kana tsoron in ya iya yanka zai buɗe nasa. Ai zai buɗe, ko ka koya masa ko ba ka koya masa ba. Gara ka ce masa daga wata kaza za ka fara yanka, lokaci kaza za a yaye ka, ka kuma cika. A gidan burodi ina jin mai sa leda da ke leƙen wurin kwaɓi shi ne irin wannan yaron.

Ta yaya za ka gane na kowa? Ba da taro ba. Ka tara su ka ce kowa ya faɗi abin da yake so, amsa ɗaya za ka ji: "Duk yadda ka yi daidai ne, maigida." Kunya ba za ta bari ba, kuma kowa na tsoron a ce ya cika son kansa. Ka lura da abin da mutum yake yawan neman izini a kansa, da maganar da ke sauya masa fuska. Mai cin bashi tun tsakiyar wata wataƙila biyan mako ne ya dace da shi, ko yana zubin adashi. Ka yi hira da su ɗaya-ɗaya a inda ba a ji kamar tuhuma ba, a mota wajen kai kaya, ko da dare kuna jiran tanda. Wanda ya kawo maka yaro aiki ma yakan san damuwarsa fiye da kai. Kuma abin yana sauyawa, wanda bara waya ce burinsa, bana an sa masa rana, ɗaki yake nema.

Inda ake zamewa shi ne son kai. Aiki iri ɗaya, biya iri ɗaya, a nan babu sassauci. Sauƙin da ka yi wa ɗaya kuma kada ya zama sirri, kowa ya san abin da aka ba shi da abin da ya biya da shi, in ba haka ba gobe za ka ji ana cewa ɗan lele ne. In akwai ɗan yayarka a cikinsu, shi ya kamata ya fi kowa bin ƙa'ida.

Su biyun da suka tafi, kada ka aika a kira su. Ka bari kwana biyu, ka je da kanka ka gaishe su, ka tambaye su me ya kore su. Yanzu ba su cin abincinka, za su faɗa maka abin da na cikin gidan ke rufewa.