Ba kowace robar da aka sake narkarwa ce take tsare muhalli ba

Yaro, ka tambaye ni ko yin gangar jikin kaya da robar da aka sake narkarwa ya isa a ce kayan ba ya cutar da muhalli. Bai isa ba, kuma tambayar nan taka ta fama mini wani tsohon ciwo.

Shekarun baya wani kamfani ya ba ni aikin tsara fitila mai caji wadda zai riƙa fitarwa zuwa Turai, kuma har gobe ina alfahari da zanen da na yi. Na ɗaure murfin da noti huɗu maimakon gam, domin duk wanda ke da sukudireba ya iya buɗe ta ya sauya batir, sannan na sa gangar jikin ta zama roba iri ɗaya tak, wato folifurofilin, wadda ake buga wa lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Sai wani dillali ya zo mini da buhunan ƙwayar roba baƙa, da takardarsa mai hatimi, ya rantse cewa zallar folifurofilin ce da aka sake narkarwa. Farashin ya yi sauƙi, lokaci ya ƙure, ni kuma na amince, na manta cewa araha ba ta ado.

Mun zuba dubban fitilu, sai muka ga gurbin noti yana tsagewa da zarar an ɗan matsa shi, idan kuma ka karya ɓangare guda ka duba bakin karayar, za ka ga robar tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace. Ashe mutumin ya gauraya ta da wata roba daban mai suna ABS da aka niƙa daga gangar jikin tsofaffin talabijin, alhali waɗannan robobi biyu ba sa haɗuwa a narke. Abin da ya fi muni shi ne irin waɗancan tsofaffin kaya suna ɗauke da sinadarin hana kama wuta mai buromin, wanda dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta taƙaita tun watan Yulin 2006, tare da dalma da makuri da kadmiyam, har ta ce nau'in wannan sinadarin da ake kira PBDE kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na nauyin robar. Mai sayen kayan ya gwada, ya dawo da su gaba ɗaya, kamfanin ya zare asarar daga kuɗin aikina, dillalin kuwa ya kashe wayarsa, ya yi mini sakiyar da ba ruwa. Fitilun da na tsara domin kada su je juji, a juji suka ƙare ba a kunna ko ɗaya ba, domin babu mai sake narkar da gurɓatacciyar roba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kofin ruwa guda ya isa ya sa na tsargu. Zallar folifurofilin ta fi ruwa rashin nauyi, saboda haka tana tasowa sama, ABS kuwa nutsewa take yi. Da na watsa ƙwayar cikin tafin hannu ɗaya a ruwa, da na ga wata ta kwanta a ƙasa.

Ba zan ɓata lokaci kan kaurin bango ko yadda ake rage ɓarnar zubi ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya taɓa zane ba. Ku yaran yanzu kuna zaune gaban kwamfuta, kuna ganin idan an manna hoton koren ganye a kwali an gama aiki, ba kwa son hannunku ya taɓa buhu. Kafin ka zaɓi roba, ka fara zana yadda za a kwance kayan bayan shekara goma, domin a 2021 Faransa ta wajabta manna makin sauƙin gyara, a kan ma'aunin 10, a jikin kaya irin su wayar hannu da talabijin. Ka kuma guji baƙar roba mai launin kabon idan da hali, tun da na'urorin tantancewa masu aiki da haske ba sa gane ta a wurin rarraba shara. Buhunan da aka sauke jiya suna nan a sito, ka ɗebo daga kowanne, daga sama da kuma ƙasan buhu, ka kawo mini da ruwa kafin kowa ya kunna injin.